Tsakar Gida a Villeurbanne

Villeurbanne gari ne da ke manne da birnin Lyon ta gabas, a kudu maso gabashin Faransa. Baƙo ba zai iya cewa ga inda Lyon ta ƙare, ga inda Villeurbanne ta soma ba, domin a wurare da yawa titi ɗaya ne ya raba su. Mutanen garin sun haura 150,000, kuma kakannin da yawa daga cikinsu zuwa suka yi: daga ƙauyukan Faransa, daga Italiya da Sifen, daga baya kuma daga Aljeriya da sauran ƙasashen Afirka. Masaƙu da marinai da sauran masana'antu ne suka jawo su. A tsakiyar garin akwai dogayen benaye farare da ake kira Gratte-Ciel, waɗanda aka buɗe a 1934, zamanin magajin gari Lazare Goujon, domin ma'aikata su sami muhalli mai tsabta. Amma in mutum ya bar manyan tituna ya kutsa unguwannin arewa maso gabas, wajen Croix-Luizet da Buers, zai tarar da ƙananan gidaje na leburorin da, kowane da ɗan fili a bayansa. A ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje ne wani dattijo Bahaushe, mutumin Maraɗi, yake zaune da iyalinsa.

Karatu ne ya kawo shi, a farkon shekarun 1980. Ya shiga jami'a a unguwar La Doua ya koyi aikin lantarki, da niyyar ya yi shekara huɗu ya koma. Yana gab da gamawa aka yi farin 1984, wanda ya halaka amfanin gona da dabbobi a Nijar. Mahaifinsa ya sa aka rubuto masa wasiƙa cewa kada ya yi gaggawar dawowa, domin ɗan abin da yake aikowa shi ne ke riƙe da gidan. Ya nemi aiki a wata masana'anta, ya samu. Bayan 'yan shekaru ya je ya yi aure ya taho da matarsa, Allah ya ba su 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya. Da ɗakin haya ya yi musu kaɗan, sai ya ci bashin banki ya sayi wannan gida. Duk da haka bai taɓa kiransa gida ba. In ya ce "gida", Maraɗi yake nufi. Wannan kuwa "wurin zamanmu" yake ce masa.

Filin da ke bayan ginin bai fi taku 14 a tsawo da taku 8 a faɗi ba, kuma ko suna ba shi da shi a bakin mutanen gidan. Wata rana ƙaramin yaron, yana son ya nuna ya iya Hausa, ya gaya wa baƙi cewa babansa yana bayan gida yana shan shayi. Baƙin suka yi ta dariya, domin a Hausa bayan gida makewayi ne. Tun daga ranar aka koma cewa "waje" kawai. A nan ake jibge duk abin da ba a son gani kuma ba a son yarwa: tsofaffin tayoyi, da firijin da ya daina aiki, da manyan gangunan roba waɗanda ake cikawa da kaya a aika Nijar. A kusurwar da ke jikin katangar maƙwabta akwai wani tsohon kututture. Kowace shekara, da sanyi ya wuce, sai ya yi toho, kowace shekara kuma maigidan ya sa adda ya sare tohon don kada ya cushe wurin.

Uwargidan ta sha yi masa magana. Takan ce, "Malam, da ka gyara mana wurin nan, ko yakuwa na shuka."

Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Hajiya, baƙo raɓa ne. Wa zai dasa itace a tasha?"

Wata rana dai ta gaji, ta ce masa, "Ban taɓa ganin raɓar da ta shekara 30 rana ba ta ɗauke ta ba." Ya yi murmushi bai ce komai ba, wurin kuma ya ci gaba da zama yadda yake.

Gidan Maraɗi

Dalilin taurin kansa shi ne akwai wata tsakar gida da yake ajiye da ita a ransa. Maraɗi ta asali a kwarin gulbi take. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin, aka tayar da mutane zuwa kan tudu, aka yanka musu filaye. A nan kakansa da mahaifinsa suka gina gida irin na Hausawa. Zaure ne a bakin hanya, inda maigida ke karɓar baƙi maza. Daga nan sai ƙofar gida, sai shigifa, kafin a kai tsakar gida, wato filin da ɗakunan mata suka kewaye. Bahaushe ba ya ajiye filinsa a baya kamar Bature. A tsakiya yake sa shi, domin a nan ake daka da girki, ake kitso da tatsuniya, a nan kuma ake kwana in zafi ya hana shiga ɗaki. A tsakiyar filin nasu akwai dalbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, da randa biyu a gindinta.

Abin da ya fi tunawa shi ne ranar daɓe. Daɓe aikin mata ne, kuma da gayya ake yin sa. Ana zuba tsakuwar marmara da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere, kowace da madaɓinta, wato wani guntun itace mai faɗi da mariƙi, su yi ta bugun ƙasa suna waƙa har ta kwanta. Sa'an nan a jiƙa makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a shafe wurin da ruwanta. In ya bushe sai ya yi duhu ya yi ƙarfi, har mutum ya iya shanya gero a kai ba tare da ya kwashi ƙasa ba. Mahaifiyarsa ce ke ba da waƙa, sauran mata suna amsawa, shi kuma aikinsa ɗebo ruwa.

Mahaifin ne ya fara rasuwa. Bayan da mahaifiyar ta bi shi, magada suka taru, su 11. Gida ɗaya ba ya rabuwa kashi 11, ga shi kuma garin ya bunƙasa, filin bakin hanya ya yi tsada. Aka yi shawarar a sayar a raba kuɗin bisa shari'a. Aka kira shi a waya, ya ce ya amince, domin ya san ƙannensa mata suna da bukata, kuma wanda ya yi nisa ba shi da bakin hanawa. Bayan wata shida ƙanensa ya turo masa hoto ta WhatsApp: an rushe zauren, an sare dalbejiyar, an jera shaguna masu ƙofar ƙarfe. Rabonsa na kuɗi ya iso ta banki. Wani ɗalibi da ya dawo daga hutu kuma ya kawo masa ƙunshi daga ƙanwarsa: buzun sallar mahaifinsa, da madaɓin mahaifiyarsa wanda hannu ya goge mariƙinsa har yana ƙyalli. Ya sa su a saman kabad. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya daɗe da sanin karin maganar, amma bai taɓa zaton har da ginin ba.

Dokar kulle

Ya yi ritaya ke nan sai annobar korona ta shigo. Ranar 17 ga Maris 2020 gwamnatin Faransa ta kafa dokar kulle. Ba a fita sai da takardar shaida, kuma daga baya aka ce mai son miƙe ƙafa kada ya wuce kilomita 1 daga gidansa, kada kuma ya wuce awa 1. An rufe masallatai da wuraren shaƙatawa, har da babban lambun Tête d'Or na Lyon, inda yakan je yawo da safe. A cikin makonnin nan ne wani amininsa, ɗan Damagaram, ya rasu. Su biyun sun yi shekaru suna zuba kuɗi a wani asusu na 'yan ƙasa, domin in ɗayansu ya mutu a kai gawarsa gida. Amma an rufe iyakoki, babu jirgi. Aka binne shi a sashen Musulmi na maƙabartar Bron, kusa da Villeurbanne, a gaban mutane ƙalilan.

Washegari maigidan ya fito da kujera ya zauna a tsakanin tayoyi da ganguna, ya daɗe yana kallon wurin. Da la'asar uwargidan ta leƙo ta taga ta gan shi yana mirgina tayoyin zuwa bakin ƙofa. Ba ta tambaye shi komai ba, ta gyara ɗaurin zanenta ta fito ta kama masa firijin.

Da wurin ya zama fayau, sai gardama ta tashi. Shi so yake a zuba siminti daga bango zuwa bango, a huta da ciyawa da taɓo. Uwargidan tana son garka, wato ɗan lambun kayan miya. Babban ɗansu, wanda ke aiki a Paris, ya ce ta waya a shuka ciyawa irin ta Turawa don yara su sami wurin wasa. 'Yarsu ce ta raba gardamar. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunanta, "Uwata" yake ce mata, kuma ba ya iya musa mata.

Ta ce, "Baba, ka manta zafin 2003? Siminti yini yake yana shan rana, da dare ya amayar da ita. Ga shi ba ya shan ruwa. In aka yi ruwa mai ƙarfi, gindin ginin zai koma." Ta ɗauki takarda ta zana: kashi ɗaya cikin uku, wanda ke jikin ɗakin girki, wurin zama, sauran kuma lambu, da 'yar hanya a tsakiya.

Ya duba zanen ya ce, "To, Uwata, amma wurin zaman daɓe za a yi masa."

Nan ma ta girgiza kai. Ruwan Maraɗi, kimanin milimita 500 a shekara, cikin wata huɗu yake sauka, sauran watannin ƙasa a bushe take. A Lyon kuwa ruwan ya kai milimita 800, kuma babu watan da ba a yin sa. Da hunturu ruwan da ya shiga ƙasa yakan daskare ya kumbura, ya farfasa abin da ke kansa. Daɓen makuba ba zai ga shekara ba. Aka tsaya a kan jan bulo, wanda za a jera a kan yashi ba tare da siminti ba, don ruwa ya riƙa bi ta tsakani yana nutsewa.

Abin da diga ta tono

Ya sa diga ya fara haƙa. Da farko duwatsu ya yi ta tonowa, mulmulallu masu sulɓi, waɗanda kogin Rhône ya baro tun zamanin da yake yawo a wannan fili kafin a yi masa shinge. Ya tara su gefe don yi wa hanya baki. Daga nan ya ci karo da wasu baƙaƙen dunƙulaye masu ƙofofi-ƙofofi. Yana gani ya gane su: kashin maƙera ne, irin wanda yara ke tsinta a bayan maƙera. Maƙwabciyarsa, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda suka yi shekara 20 da 'yan kai ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, ta leƙo ta kan katanga ta ce masa ai bangon gidansa ma da shi aka gina.

Mutanen wannan yanki maginan ƙasa ne tun da. Suna da wani irin gini da suke kira pisé: a kafa allunan katako biyu, a zuba ƙasa mai ɗan danshi a tsakani, a kirɓa ta har ta ƙanƙame, sa'an nan a ɗaga allunan a ci gaba. Wani magini ɗan Lyon, François Cointeraux, ya rubuta littattafai a kan wannan fasaha a ƙarshen ƙarni na 18, aka fassara su zuwa harsuna da dama. Amma a 1856 Rhône ya yi ambaliya, ya jiƙa gindin gidajen ƙasa, ɗaruruwa suka zube. Hukuma ta hana ginin ƙasa zalla a birnin, sai magina suka koma ga kashin maƙera na masana'antu, suna cuɗa shi da ƙonanniyar farar ƙasa, suna kirɓawa a cikin alluna kamar da. Maigidan ya tsaya da diga a hannu yana kallon bangonsa. Ashe duk shekarun nan yana kwana ne cikin ginin da aka kirɓa kamar daɓe, a garin da ruwa ya taɓa ci kamar nasu.

Amma masana'antu sun bar wani gadon marar kyau. 'Yar ta aika da ƙasar ɗakin gwaje-gwaje, sakamako ya nuna akwai dalma fiye da yadda ya kamata a wurin da za a shuka ganyen ci. Ba sai an yi masa dogon bayani ba, domin ya ji labarin Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Saboda haka aka ƙera akwatunan katako huɗu masu zurfi, aka cika su da sabuwar ƙasa da taki. Su ne suka zama garkar uwargida.

Ranar daɓe

An sassauta kullen ranar 11 ga Mayu. Da aka shiga Yuli ya kira gayya, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ɗalibai 'yan Nijar huɗu da ƙaramin ɗansa. Suka kwashe ƙasa zurfin santimita 20. Ya ja zare ya karkata filin santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya gangara wajen lambu ya bar bango. Suka zuba fasasshiyar tsakuwa da baro, suka baje ta da manjagara, sai aka zo kirɓawa. Abin da ake kirɓa tsakuwa da shi a Faransa wani faifan ƙarfe ne mai nauyi da doguwar ƙota, sunansa kuma dame, kalmar da ke nufin uwargida a Faransanci. Da Hajiya ta ji haka ta yi dariya ta ce, "Ashe su ma sun san aikin na mata ne."

Jeren bulo shi ya yi da kansa, kuma bai bi layin bango ba. A Hausa in an ce mutum ya fuskanci gabas, salla ake nufi, domin daga ƙasar Hausa Makka a gabas take. Daga Lyon kuwa alƙibla kudu maso gabas take. Ya ja zarensa a karkace, ya jera bulon yadda kowane layi zai zama sahu, don in baƙi sun zo ba sai sun tambaya ba. Wannan ya sa sai da aka yanka bulo da yawa a gefe-gefe. Ɗalibai suna ta gunaguni, shi kuwa ko a jikinsa.

Bayan an jera, sai a share yashi cikin tsagogi, a bubbuga bulon ya zauna. Ƙarfe zai fasa shi, abin itace ake bukata. Uwargidan ta shiga ɗaki ta fito da madaɓin surukarta. Ta durƙusa ta fara bugu a hankali, sa'an nan ta kama waƙar da matan unguwarsu ke yi, muryarta ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Ba mai amsa mata, domin 'yar ba ta san amshin ba. Maigidan ya ɗauki bokiti ya ce zai ɗebo ruwa, ya shiga ɗakin girki, ya daɗe bai fito ba.

Shuka

Shuka ta fi gini ba shi wahala. Tun Disamba 2019 dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da tsirrai da irin shuka daga waje sai da takardar shaidar lafiyarsu, don haka ya haƙura da roƙon matafiya, ya sayi irin kuɓewa da yakuwa da barkono da zogale a nan Faransa, ya rene su a bakin taga. A ƙarshen Maris 2021 rana ta fito da zafi kamar bazara ta kama. Ya fitar da dashensa duka ya dasa. A farkon Afrilu sanyi ya dawo da dare, raɓa ta daskare. Manoman inabi da na 'ya'yan itace a kwarin Rhône suka kwana suna kunna wuta a gonaki, duk da haka suka yi babbar asara. Da safe ya tarar da dashensa sun yi baƙi sun kwanta kamar an zuba musu tafasasshen ruwa.

Maƙwabciyar ta gaya masa cewa manoman ƙasar ba sa fitar da tumatir da danginsa sai an wuce 11 da 12 da 13 ga Mayu, kwanakin da suke kira waliyyan ƙanƙara. Ya ji kunya, domin ya san irin wannan ilimi. A Maraɗi ma mai hankali ba ya ruɗuwa da yayyafin farko, yakan jira ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai, wanda ake kira ruwan shuka. Ya sake reno, ya jira.

Kuɓewa ta yi, ko da yake ba ta kai tsawon ta Maraɗi ba. Barkono ma ya yi. Yakuwa ta yi ganye har aka gaji da miyarta, amma ba ta yi fure ba, balle a sami zoɓo. Dalili shi ne yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta. A Lyon yinin watan Yuni ya wuce awa 15, kuma kafin ya sauko zuwa awa 12 a ƙarshen Satumba sanyi ya kawo kai. Zogale kuwa a tukunya yake zaune, da hunturu a shigar da shi falo kamar marar lafiya. Da yake tun 1 ga Janairu 2019 aka hana masu lambun gida fesa maganin ƙwari na masana'anta, sai uwargidan ta koma ga tokar murhu, shi kuma yana bin dodon koɗi da tocila da dare yana tsincewa. Gangunan nan na aika kaya suka koma ƙarƙashin indararo suna tarar ruwan sama, an rufe bakinsu da raga saboda wani sauro mai zane-zane da ya yaɗu a yankin.

Abin da ya rage shi ne inuwa. Ya samo ɗan dashen dalbejiya da tsada daga masu sayar da tsirrai. Da sanyi ya shigo ya lulluɓe shi da tsohon bargo, amma watan Janairu ya kashe shi. 'Yar ta so ta ba shi haƙuri, ta ce, "Baba, ai dalbejiyar ma baƙuwa ce a Maraɗi, daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa. Gyaɗar da ta yi wa garin arziki kuma asalinta Amurka ta Kudu."

Ya ce, "Na ji, Uwata. Amma ni inuwa nake so."

Kututture

Da itatuwa suka fara toho a 2022, ya yanke shawarar ya tumɓuke kututturen nan ya sake gwada wata dalbejiyar a wurin, domin a kusurwar ne iskar arewa ba ta bugu. Ya ɗaga diga ke nan sai ya ji muryar tsohuwar daga bayan katanga: "Maƙwabci, don Allah dakata."

Ta ba shi labarin da ba ta taɓa ba shi ba. Mahaifinta daga Italiya ya zo, tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya yi aikin gini. Filayen nan biyu a da ɗaya ne, kuma shi ya gina gidan da maigidan ke ciki. Cikin kayan da ya taho da su akwai reshen ɓaure daga ƙofar gidansu, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya dasa shi a wannan kusurwa. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka raba gado, aka sayar da rabin filin da gidan, wanda ya saya kuma ya sare itacen. Ta ce, "Kowace shekara ina ganin ya toho, kowace shekara ina ganin ka sare. Ba ni da ikon magana, filinka ne."

Maigidan ya ajiye digar. Ya ce, "Madam, da kin faɗa mini tuntuni." Sa'an nan ya tuna mata cewa dokar Faransa ta ce itacen da zai wuce mita 2 a tsawo sai ya nisanci iyakar maƙwabci da mita 2, kututturen kuwa bai kai haka ba. Ta ce ai ita ce mai ikon kai ƙara, kuma ba za ta kai ba.

Yadda zai rayar da shi ba sai an koya masa ba, domin ya gani a ƙauyukan Maraɗi lokacin da yake zuwa hutu. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda dashen da yake yi a yankin ke ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin itatuwa ne, waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin rassa kaɗan mafiya ƙarfi a kowane kututture, suna datse sauran. Suka kira abin sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa ya mayar da itatuwa a gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Haka maigidan ya yi. Ya zaɓi toho uku, ya datse sauran, ya kewaye gindin da duwatsun kogi.

Ɓauren Turai ba shi ne ainihin ɓauren ƙasar Hausa ba, amma dangi ne, kuma in an tsinke ganyensa farin nono yake fitarwa kamar nasa. A 2022 aka yi fari mai tsanani a Faransa, hukuma ta taƙaita ban ruwa, gangunan suka ƙafe. Ciyawar Turawa ta ƙone a gidaje da yawa, kuɓewa da yakuwa kuwa suka ji daɗin zafin. Ɓauren ba a ba shi ko moɗa ɗaya ba, amma kafin sanyi ya shigo ya wuce katanga, domin tsohuwar saiwarsa ta daɗe da sanin inda ruwa yake. A Agusta 2023, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a Lyon, inuwarsa ta ishi tabarma guda. 'Ya'yan farko da suka nuna, uwargidan ta zuba su a kwano ta miƙa wa tsohuwar ta kan katanga. Kwanon ya dawo da tumatir. Da hunturu ya zo, maigidan ya yanki reshe ɗaya ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya ba babban ɗansa, ya hau jirgin ƙasa da shi zuwa Paris, tafiyar awa 2, ya dasa a tukunya a barandarsa.

Har yanzu yana zuba kuɗi a asusun 'yan ƙasa, domin alkawari ne. Amma ya gaya wa uwargidan cewa in ta Allah ta kasance, kada a wahalar da yara da neman jirgi, Bron ma ta isa, kusa da amininsa.

Ranar Babbar Salla ta 2024, wadda ta faɗo 16 ga Yuni, filin ya cika. Ɗalibai suna gasa nama a murhun gawayi, jikoki suna bin juna a tsakanin akwatunan garka, tsohuwar maƙwabciya tana zaune a kujera a gindin itacen mahaifinta. Da la'asar ta yi, maza suka tsaya a kan layin bulo ba wanda ya tambayi alƙibla, maigidan a gaba a kan buzun mahaifinsa. Bayan an idar ƙanensa ya kira daga Maraɗi don barka da salla. Aka zagaya da wayar ya ga kowa, ya ga ɓauren, ya ga daɓen jan bulo. Sa'an nan ya ce, "Yaya, yaushe za ku zo?"

Maigidan ya ce, "Sai bayan kaka, in Allah ya yarda, za mu zo mu gan ku. Yanzu ba na iya barin gida, kuɓewa ba ta gama kama ƙasa ba."

Uwargidan tana durƙushe tana raba nama a faranti. Ta ɗago kai ta dube shi, ta dubi 'yarta, sa'an nan ta ci gaba da rabo.